Motar Legas Ba Ta Ɗaukar Saƙo

Litinin, 3 ga Afrilu, 2006

An tsayar da magana. Ranar Juma'a ta sama, sha huɗu ga wata, za mu Legas, ni da Gwadabe, mu biyu rak. (A nan dai ina iya kiran sunansa, littafina ne.) Hutun Ista ne, makarantarmu a rufe, shagonsa na kayan gyaran mota a Titin Bauchi ma ba ciniki, masu kawo masa kaya duk sun tafi gida. Juma'a a hanya, Litinin a hanya. Asabar da Lahadi nawa ne.

Shekara ashirin da biyu da aure ban taɓa ganin teku ba. Shi kuwa shekara tara ya yi yana jan tirela zuwa Apapa, ya dawo ya cika mini kunne: ruwa ba iyaka, yashi mai ƙona tafin ƙafa. Ni ina nan Jos da rigar sanyi har cikin ɗaki. Abin da nake so ba shi da yawa. In zauna a bakin ruwan nan rana ta dake ni, kada kowa ya kira ni Malama, kada kowa ya kira ni Mama.

Na ce masa kada ya faɗa wa kowa. Sau uku na faɗa. Ya ce haba Ladi, sai ka ce yaro.

Laraba, 5 ga Afrilu

Ya faɗa. A majalisar ƙofar masallaci, wai bakinsa ne ya suɓuce. Kafin la'asar Malam Abdulfatah ya turo buhun dankalin Turawa, a kai wa ƙanensa a Agege. Na tambayi adireshi, aka ce a tambayi kowa a Agege, an san shi.

Juma'a, 7 ga Afrilu

Zaurenmu ya koma kasuwar Faringada. Dankali buhu huɗu. Kabeji, karas, kwandon tumatir da zai ruɓe kafin Lokoja. Ummusalma ta gidan kusa ta kawo keken ɗinki, wai na 'yarta da ke Idi-Araba, ta ajiye ta zauna ta sha shayina, tana ba ni labarin zafin Legas kamar ta taɓa zuwa. Wani da ban ma san shi ba ya kawo talo-talo mai rai, an ɗaure masa ƙafa, yana ta kuka a bayan gida.

Kowa da abin da yake faɗa: ai mota ce, Maman Ashraf, ba a kai za ki ɗauka ba. Ba wanda ya ce za ku iya? Nan garin in ka ce za ka yi tafiya, ka zama gidan waya ke nan.

Lahadi, 9 ga Afrilu

Na ɗauki takarda na jera unguwannin: Agege, Idi-Araba, Mile 12, Alaba, da wani wuri Ikorodu. Na ajiye masa a gaba na ce, tsakaninka da Allah, da gosulon Legas da kai da kanka kake ba ni labari, kwana nawa rabon nan zai ci? Ya sosa ƙeya. Can ya ce kwana biyu, in an yi sa'a.

Kwana biyu. Nawa ɗin nan biyu.

Ya ce ba a mayar wa mutum saƙo, abin kunya ne, a nan muke zaune da su. Na ce to ni a ina nake zaune? Na faɗa masa maganganu, wasu na tun haihuwar Ashraf. Bai rama ba, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan. Mutumin nan zai iya ce wa matarsa a'a sau goma a wuni, amma ba zai iya ce wa baƙo mai talo-talo ba.

Talata, 11 ga Afrilu

Na yi. Yana fita shago na kira mai amalanke, muka bi unguwarmu Rikkos gida gida, kowa na sauke masa kayansa a ƙofa. Malam Abdulfatah sai salati yake. Ummusalma ta fito da hannu duk kumfa, ta ce ashe haka kike? Mata suka taru. Wata ta ce a bar ta, in ta huce za ta karɓa.

Nan kaina ya yi zafi. Na tsaya a tsakiyar layi na ce wallahi tallahi, ko allura ce ba zan ɗaukar wa kowa ba. Na rantse, kowa ya ji.

Na dawo na share zaure tas. Daɗi na ji, ba zan ɓoye ba. Gwadabe ya ci tuwonsa bai ɗago kai ba.

Laraba, 12 ga Afrilu

Yau da hantsi aka yi sallama, na leƙa, sai ga Maman Nkoli.

Obiamaka. Shekara goma sha huɗu muna katanga ɗaya, ita da mijinta Livinus. 'Yarta Nkoli a tsakar gidana ta koyi tuƙa tuwo. Da rikicin 2001 suka kwashe suka koma Anguwan Rukuba, tun daga nan ba ta sake taka Rikkos ba, ni ma ban taka can ba. Sai dai gaisuwa a bakin mutane. Yau ga ta a ƙofata, ta rame, ta yafa gyale kamar namu don kada a kalle ta, da 'yar jaka a hannu wadda ba ta kai ta makarantar yara ba.

Ba ta yarda ta zauna ba. Ta ce ta ji za mu Legas. Ta ce Nkoli ta haihu, kwana shida yau, haihuwar fari, a Ajegunle. A wurinsu uwa ce ke zuwa ta zauna da mai jego, ta gasa mata jiki, ta yi mata farfesu. “Ni ba zan iya tafiya ba, Maman Ashraf. Oga ya shanye gefe ɗaya, ba mai juya shi sai ni.” A jakar akwai kimba da masoro, busasshen kifi, zani biyu.

Ummusalma na tsaye a ƙofarta. Da wasu biyu. Sun bar abin da suke yi suna kallo.

Na ce Maman Nkoli, na rantse jiya. Ba na ɗaukar saƙon kowa.

Ta dube ni, ta dubi matan. Ta ce, “Ba komai. Allah ya kai ku lafiya.” Ta gyara gyalenta ta juya. Ko ruwa ban ba ta ba.

Alhamis, 13 ga Afrilu

Haushin kowa nake ji. Na Gwadabe da bakinsa. Na Ummusalma da idonta. Na masu dankali, su suka ja. Har na Maman Nkoli: me ya hana ta zuwa ranar Litinin? Me ya sa ba ta yi mini gardama ba, ta zage ni ma, in sami abin riƙewa? Ba komai, wai. Akwai motocin haya, ta ba direba mana. Shekara biyar ba ta neme ni ba sai da ta ji mota.

Ni ma ban neme ta ba. To.

Na haɗa kaya. Atamfa biyu, silifas na roba saboda yashi, tabarma. Gwadabe ya duba mai da taya. But ɗin motar fayau, ya buɗe ya rufe. Na ce in yana da magana ya yi. Ya ce ba shi da ita.

Juma'a, 14 ga Afrilu

Mun tsaya salla a Lokoja, a mota nake rubutu. Da muka fito da safe na ce ya bi ta Anguwan Rukuba. Ya ce ba hanya ba ce. Na ce na sani, ni ma a garin nan aka haife ni. Sai da muka yi tambaya sau biyu kafin mu sami gidan Maman Nkoli, na karɓo saƙon. Jakar na ƙarƙashin ƙafata. In mun isa Ajegunle miƙawa kawai zan yi in fito, minti goma.

Asabar, 15 ga Afrilu

Ajegunle. Ɗaki ɗaya, zafi kamar gidan burodi. Mijin Nkoli, Sylvanus, yaron kirki ne amma ko riƙe jariri bai iya ba. Nkoli ta buɗe ƙofa ta gan ni, ta ce “Mama Ladi!” ta fashe da kuka, Hausarta tana nan yadda ta bar Jos da ita. Ƙafafunta a kumbure. Kwana tara da ruwa mai ɗumi-ɗumi take wanka, ba wanda ya gasa mata jiki, cibiyar yaron ma ba a gasa ba. A garin nan mai mutane kamar ƙasa!

Na yi faɗa. Na yi wa mijin, na yi wa matan gidan da ke leƙe, na yi wa Gwadabe da ya tsaya yana duba agogo. Na sa aka dafa ruwa a babbar tukunya. Na gasa ta da tawul tana ihu tana dariya, na wanke yaron, na ɗora farfesu. Ta ci kwano biyu ta yi barci da cokali a hannu.

Gobe teku. Da sassafe.

Laraba, 19 ga Afrilu

Mun dawo shekaranjiya. Jiya na dafa shinkafa da wake ta mutum goma na aika wa masu jinya a asibiti, kaffarar rantsuwata. Ummusalma ta ga kulolin suna fita, ta gane, ta yi murmushin nan nata. Ta yi ta yi.

Lahadin ba mu je ba. Wankan jego safe da yamma ne, kuma sai da na tsaya na koya wa wata maƙwabciyarsu yadda ake yi, hannunta kamar na mai wankin mota. Kafin in ɗago rana ta tafi. Ranar Litinin muna kan wata doguwar gada na ga ruwa shimfiɗe har inda ido ya tsaya, na ce tsaya, tsaya, ga shi! Gwadabe ya ce wannan ba teku ba ne, kududdufin Legas ne, tekun na can gaba. Da ya yi shiru me zai rage shi? Har Ibadan ban yi masa magana ba. Har yanzu ina jin haushi, kada wani ya ɗauka na huce.

Yau na je Anguwan Rukuba, ni kaɗai, a tasi. Nkoli ta ba ni hoton yaron in kai. Maman Nkoli ta riƙe shi da hannu biyu, ta kai wa Livinus har gado, ta dawo ta sa ni in faɗa mata komai: nauyinsa, kukansa, ko Nkoli na cin abinci. Na sha ruwa a gidanta, na ci gyaɗa. Mun daɗe.

Da ta rako ni bakin titi ta kama hannuna ta ce, “To tekun fa? Tun muna Rikkos kike maganarsa. Kin gani dai ko?”

Na ce na gani.

Ta ce yaya yake? Na ce babba ne, Maman Nkoli, ba iyaka, yashin har ƙona ƙafa yake. Ta yi ta murna, tana tafa hannu tana cewa Allah ya cika mini burina. Na bar ta da murnarta na shiga mota.