Dubu Ashirin ga Ƙanena, Wata Bakwai Ba Albashi

Zuwa ga mai girma shugaban kwamitin ladabtarwa na ma'aikatarmu, Gusau.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali, ranka ya daɗe, ni ne Garba direba, wanda kwamitinka ya dakatar daga aiki wata bakwai da suka wuce. Ko sunan ya ɓace maka, ka san ƙeyata, don na sha kai ka Tsafe kana kujerar baya. Sau uku ina kawo takardar koke ta hannun magatakarda, na kuma zauna a bencin ƙofar ofishinka har aka tashi aiki, ba sau ɗaya ba. Amsa ba ta zo ba. Shi ya sa na fito fili.

Na farko, laifin da aka ce na yi. Ina da ƙane, Lawali, uwa ɗaya uba ɗaya, manomi ne a Furfuri. Mutanen unguwarsu suka matsa masa ya tsaya takarar kansila, a jam'iyyar da ba ta da kowa a sama. Ba shi da ubangida. Kwamitin yaƙin neman zaɓensa mutum biyar ne, a zauren gidan marigayi mahaifinmu suke zama. Dawarsa ya sayar ya buga hotuna ya zuba wa babura mai. Ni kuma na sayar da ragon da nake kiwo, na cire dubu ashirin na ba shi. Ban je taro ko ɗaya ba, ban sa hular kowa ba, ban roƙa masa ƙuri'ar kowa ba.

Lawali mutum ne mai tsoron haƙƙi. Da aka gaya masa ƙa'ida ita ce ɗan takara ya rubuta wanda ya ba shi da abin da ya kashe, sai ya sayi littafi yana rubutawa, har ɗari biyar da wata tsohuwa mai ƙosai ta damƙa masa. Ya faɗi zaɓe. Duk da haka ya tara mutane ya karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya don ya yi godiya. Wani ya ɗauki hoton shafin da waya. Kwana tara bayan haka takardar tuhuma ta same ni a gareji ina wanke mota.

Na biyu, zaman kwamitinka bai kai minti goma ba. Ka karanta mini cewa ma'aikacin gwamnati ba ya sa kuɗinsa a siyasar jam'iyya. Na ce ɗan'uwana ne. Ka ce, "Garba, doka ba ta san ɗan'uwa ba." Na nemi in ƙara magana, ka rufe fayil. To, na karɓa. Idan haka ƙa'idar take, na karya ta, ban kuma musa ba. Amma ga maganar da ka hana ni yi rannan.

Na uku. Mako uku kafin wancan zaɓen, an umarce ni in kwance lambar gwamnati daga farar a-kori-kurar ma'aikata. Na kwance. Sawu shida na yi daga wani gida a Damba, ina ɗauke da shinkafa da taliya da atamfa da sabulu, kowane buhu da hoton wani ɗan takara na manya a jikinsa. Na kai Ruwan Bore, na kai Bungudu, na kai ƙauyukan Tsafe. Man motar na gwamnati ne, lokacin na gwamnati ne, direban ma na gwamnati ne. Aka ce in rubuta "duba aiki" a littafin tafiya, na rubuta da hannuna. Ba na wanke kaina, tsoron bakin aikina ne ya sa ni, kuma na san abin da na yi bai halatta ba. Sai dai wanda ya ba ni wannan umarni yana zaune a damanka ranar da ka yanke mini hukunci, yana latsa waya, ko ɗago kai bai yi ba. Ba zan kira sunansa a nan ba. Ka san shi, shi ma ya san kansa.

Kowa ya san halin da hanyar Tsafe take ciki. A sawu na biyar muka tarar 'yan bindiga sun tare gaba, motoci sun yi cirko-cirko. Awa uku ina zaune a gefen titi, kayan siyasa a bayana, mota ba lamba, ina ta salati. Da an shiga daji da ni ranar, wa zai fito ya ce shi ya aike ni? Motar ma ba wanda zai amsa cewa tasa ce, balle ni.

Na huɗu, a wancan watan na zaɓe dai albashinmu ya zo da giɓi. Dubu uku aka cire wa kowane ƙaramin ma'aikaci, daga direba zuwa masinja zuwa Inna Hajo mai shara, wadda ke riƙe da marayu huɗu. Da muka tambaya aka ce gudummawar haɗin kai ce. Ba rasit, ba wanda ya nemi yardarmu. Daga baya muka ji ana yi wa "ma'aikata masu kishi" godiya a wurin taron kwamitin magoya bayan wancan ɗan takara. Ka ga ke nan, ranka ya daɗe, sau biyu kuɗina ya shiga siyasa a wata guda. Wanda aka ƙwata ba da sanina ba, shi ba laifi ba ne. Wanda na ba ɗan uwata da hannuna, daga kuɗin ragona, shi ne ya ci mini aiki. Ina roƙon ka nuna mini shafin da ya raba waɗannan biyun.

Shekara talatin da uku ina riƙe da sitiyarin gwamnati, ko kaza ban taɓa takewa ba. Saura mini shekara biyu in yi ritaya, yanzu ban san makomar fanshona ba. Ina zuwa tasha, wani da na koya wa tuƙi yana ba ni motarsa kwana biyu a mako in yi jigilar Gusau zuwa Bungudu. Ban raina ba, Allah ya saka masa. Yunwa ma da sauƙi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Lawali. Da ya ji labari ya zo har ƙofar gidana ya kasa shiga, ya tsaya yana cewa, "Yaya, ni na kashe maka aiki." Ya koma Furfuri ya jefa littafin nan a murhu. Tun rannan bai ƙara cin abinci a gidana ba, in muka haɗu a wajen mahaifiyarmu sai ya sunkuyar da kai ya fita. Tsohuwa tana kallonmu, tana tambayata abin da ya shiga tsakaninmu. A duk 'yan takarar da na gani, shi kaɗai ya rubuta abin da ya karɓa, kuma gidanmu kaɗai hukunci ya faɗa wa. Yanzu ka je Furfuri ka ce wa wani ya rubuta gaskiyar kuɗin takara, ka ji dariyar da za a yi maka. Darasin da kwamitinka ya koyar ke nan.

Buƙatuna ba su da yawa. A sake zama a kaina, a bar ni in yi magana har in gama. Idan hukunci za a yi, a yi mini a kan duka biyun, dubu ashirin ɗin da sawu shidan, amma wanda ya aike ni ya sauko daga kujera ya tsaya kusa da ni. Littafin tafiya yana aljihun motar idan ba a ɗauke shi ba, in kuwa an ɗauke, a shirye nake in yi alwala in dafa Alƙur'ani. A mayar wa ƙananan ma'aikata dubu ukunsu, a fara da Inna Hajo. Sannan a rubuta ƙa'idar nan da Hausa a liƙa a allon sanarwa, yadda mai gadi da darakta za su karanta abu ɗaya. In duk wannan ya gagara, to a mayar da ni bakin aikina a biya ni wata bakwai ɗina.

Ba na yi maka mugun fata. Allah ya ƙara maka lafiya, ya raya maka zuri'a, ya sa ka gama aiki lafiya ka ci fanshonka. Ranar da kai ma za ka tsaya a gaban mai hukunci, Allah ya sa a saurare ka har ƙarshe kafin a rufe littafinka.

Wassalam.

Garba direba,
Gusau.