Dangwalen Sale Mai Sikeli

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

An cire mini bandejin idon hagu. Ina gani tar, har ƙurar da ke kan fankar Husainatu, kuma na faɗa mata. Ta ce da ta sani da ta bar ni da yanar idona. Jikar nan tawa ta fi kakarta baki, Allah ya jiƙan ta. Likita ya ce sai na ƙara wata guda kafin in koma Kano. Wata guda a hawa na goma sha huɗu a unguwar Wangsa Maju, nan Malesiya, mutum kamar tattabara.

Laraba, 8 ga Mayu

Yau ta baje mini takardu a kan tabarma. Ashe digirin digirgir ɗin da ya kawo ta ƙasar nan a kan Kamfanin Balbela take yin sa, kamfanin jirgin saman da na yi wa aiki ina saurayi. Ta ce ni na jawo, da labaran da na cika mata kunne tana ƙarama.

Na ba ta abin da babu a takarda. Jirgi ɗaya ne tal, kujera huɗu. Litinin Gusau da Sakkwato, Alhamis Maiduguri. Fetur sai an tura shi a mota kwana uku kafin nan. Fasinja ba a samu, wa zai ba da kuɗin bijimi guda ya hau abin da ke rawa a sama? Wasiƙu ne ke ciyar da mu, gidan waya na biyan sule biyu a kowace laba. Ni ne mai ɗora buhu a sikeli, in faɗi nauyi, Akawu Ƙasimu ya rubuta, in dangwala yatsa a ƙasa. Sale Mai Sikeli, haka ake kira na har a kasuwa.

Ta ce, "Angona, ashe ka taɓa amfani." Na ce ta nemi wani mijin, na sake ta.

Alhamis, 9 ga Mayu

Ta nuna mini takardar korata. Shekara sittin da uku ban gan ta ba. Wai ni na riƙa ƙara nauyi a takarda ana cutar gidan waya. Ni da ko sunana ban iya rubutawa ba a lokacin. Ƙasimu ya samu aiki a banki, Baturen da ke kan kamfanin ya koma garinsu, ni aka bari da sunan ɓarawo saboda yatsana ne a kan kowace takarda. Haushin wannan ne ya kai ni ajin yaƙi da jahilci da gemuna, in ba haka ba da yanzu ba na rubuta wannan.

Ban ci tuwon dare ba. Ba tuwo ba ne ma, garin shinkafa ne na leda.

Asabar, 11 ga Mayu

Mun ɓata.

Ta kawo wata takarda da Turanci, wai jami'a ba za ta karɓi maganata a matsayin shaida ba sai na yarda a rubuce. Na ce me ke ciki? Tana duba wayarta ta ce, "Ba komai, Kaka, ka sa hannu kawai." Kalma ɗaya ba ta sauya daga abin da Ƙasimu ke ce mini in zan dangwala ba. Na tura mata abarta. Na ce ko takardar asibiti mijinta Alƙasim ne ya sa hannu, ni tun daga waccan shekara hannuna bai hau kan abin da ban karanta ba, kuma ba a Malesiya zai fara ba.

Ta ce ƙarshen wata za ta miƙa aikin, in babu bakina babin da ya shafe ni ya faɗi, abin da zai rage shi ne abin da Baturen ya rubuta a kaina. Na ce ya rage ɗin.

Lahadi, 12 ga Mayu

Shayi ya zo da sukari biyu kamar kullum, amma ba a ce mini ango ba.

Talata, 14 ga Mayu

Alƙasim ya kai ni shagonsa a Cheras, inda yake aika wa ɗalibai kaya gida ta jirgi. Na ɗaga wani kwali na ce kilo goma sha takwas. Aka ɗora, sha takwas da ɗigo biyu. Mai shagon kusa, ɗan ƙasar, ya yi ta cewa "boleh, boleh", wai na iya. Da ma ban ce ban iya ba.

A hanya Alƙasim ya ce kwana uku ke nan Husainatu ba ta cin abin kirki, shekara huɗu ta kashe a kan aikin nan. Na ce ai ban aike ta ba. Na sa ya tsaya gidan abincin da suke ce wa mamak ya yi tapau, wato ƙunshin tafiya gida, na gurasar roti da miyar wake irin wadda take so. Na ce kada ya ce ni ne. Ya faɗa, munafuki.

Juma'a, 17 ga Mayu

Mun yi salla a Kampung Baru. Huɗuba ban ji ko kalma ba sai ayoyin.

Da la'asar ta zo ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata, da takardar nan, ta mayar da ita Hausa da hannunta, shafi biyu. Ta ce ta yi kuskure, in karanta a nitse, in na ƙi ma shi ke nan. Rubutunta kamar tafiyar kaza.

Sai ta gaya mini abin da lissafinta ya nuna. In da nauyin gaskiya aka rubuta, kuɗin gidan waya ko fetur da albashin matuƙi ba zai biya ba, kamfanin ba zai kai damina ta biyu ba. Wato fam ukun da nake karɓa duk wata, wanda na yi sadakin kakarta da shi, daga cikin ƙarin nan ya fito. 

Tana tattara takardu, ba ta ko dube ni ba, ta ce, "Kaka, to da yaya kake gane abin da sikelin ya nuna?"

Na ce ta tashi ta ba ni wuri.

Asabar, 18 ga Mayu

Da lamba nake ganewa, da me kuma? Mai sikeli bai san lamba ba? Baƙi ne ban sani ba. In ce ɗari da casa'in, in ga Ƙasimu ya fara da uku. Na gani. Tun makon farko na gani. Na ce a raina ni ban iya karatu ba, ba ruwana, ga aiki ga kaki ga yarinya ina nema. Da aka kore ni na yi ta faɗa wa mutane ban san komai ba, har ni ma na yarda. Kakarta ta rasu tana rantsuwa a kan haka.

Ƙasimu da Baturen, su suka ci, wannan ba zan fasa faɗa ba. Amma dai.

Litinin, 20 ga Mayu

Na karanta shafi biyun sau uku, da sabon ido. Na gyara mata wuri biyu, ta rubuta mini Salisu maimakon Salihu, wai mai digiri. Akwai inda aka ce in ina so za a ɓoye sunana. Na soke shi.

Na ce ta kunna rikodarta tukuna, akwai abin da ban gaya mata ba, in ta ji tana so in sa hannun sai in sa. Na faɗa. Bai kai minti biyar ba. Ta ce ta sani tun bara, jira take in faɗa da bakina. Ta ce babin zai fi kyau haka. Na ce ba don babi na faɗa ba.

Na rubuta sunana cikakke, da ƙyar, biron nasu santsi gare shi. Ta ce, "Angona, ka mai da ni ke nan?" Na ce zan duba, in an daina ba ni tuwon leda.

Idon dama ya yi ta ruwa yau. Zan gaya wa likita.