Kada Ka Kunna Kwamfutar Nan

Yaya Mu'azzam,

Don girman Allah kada ka kunna kwamfutarka. Na kira wayarka sau biyar, a kashe take.

Bayan ka tafi Roni da safe zumuɗi ya ɗebe ni, na saka sabon katin girafik ɗin da ka sayo saboda gasar wasan kwamfuta ta yau. A kwalinsa an rubuta wat 750 yake so, tsohon akwatin wutar da ke cikin kwamfutar kuwa 450 ne. Na ce tunda wayoyin sun shiga ai shi ke nan. Ina buɗe wasan sai na ji fat, hayaƙi ya tashi. Har Hajja Kaka ta leƙo tana tambayar wa ya bar tukunya a wuta.

Ban sani ba ko katin ya tsira, in aka sake kunnawa kuwa ƙarasa shi za a yi. Na zaga Kazaure ban samu akwatin wuta mai 750 ba, na kama motar Kano. In sha Allahu kafin la'asar na dawo, gasar sai biyar.

Na san halinka, za ka bubbuga gefenta kamar janareta ka ce bari ka gwada. Shi ya sa na tafi da wayar wutar, har da ta butar shayin Ummi, don ita ma tana shiga kwamfutar.

In duka ne, ka bari sai an gama gasar.

Sama'ilu