Duron Da Ba A Sha

Yelwa, 4 ga Maris, 1997

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da Baba da su Basiru. Yaya ciwon ƙafarki? Ni lafiya lau nake. Basiru, ka karanta mata a hankali.

Inna, na fara aiki a gidan ruwan leda na Hajiya Tamada, kusa da kasuwa. Ruwan burtsatse muke tacewa, irin mai barin farin ɓawo a gindin butar shayi. A cikin injin akwai wata siririyar fata da aka nannaɗe kamar tabarma cikin bututu, ita ke tace ruwan. Malam Cindo mai kula da injin ya ce idan ɓawon ya kama ta za ta toshe, kuma sai Legas ake samun sabuwa.

In injin yana aiki, akwai magani da ke ɗiga ciki yana hana ɓawon. Amma in an ɗauke wuta, ruwan burtsatsen kwanciya yake a ciki, ɓawon ya kama fatar. Aikina ke nan: da wuta ta tafi, in buɗe famfon wani shuɗin duro na tataccen ruwa ya ɗauraye fatar. Dole duron ya zama cike kullum. Na iya sosai.

Ki gaida kowa a Ngaski.

'Yarki,
Zulai'atu

Yelwa, 22 ga Maris, 1997

Innata,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba. Yaya zafi? Allah ya ƙara miki sauƙi.

Ranar kasuwa mutane suka yi ta leƙowa suna neman ruwan sha. Kin koya mini ba a hana mai ƙishi ruwa, kuma kin san ba na iya ɗaga ido in dubi babba. Sai na riƙa ɗibar musu daga duron. Da aka ɗauke wuta, ruwan da ya rage bai isa ɗauraye fatar ba.

Washegari injin ya koma ɗigo-ɗigo. Malam Cindo ya yini yana wanke fatar da ruwan tsami. Bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Zulai, fatar nan ba ta jure wannan kullum. In ta mutu Hajiya rufewa za ta yi, ke ki koma Ngaski, ni in koma kamun kifi, kuma kifin ma ya san ban iya ba."

Na cire kunya na roƙi Hajiya ta sa randa a bakin ƙofa saboda masu wucewa. Ta sa. Ni nake cika ta kowace safiya.

'Yarki,
Zulai'atu

Yelwa, 9 ga Afrilu, 1997

Innata,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Na aiko wannan da sauri don ta riga ƙanenki Kawu Haruna isowa.

Jiya ya zo daga Shanga da abokansa, sun sauko daga jirgin ruwa da tsakar rana. Randar ta riga ta ƙare, ga shi an ɗauke wuta daidai lokacin. Kawu ya ga duron, ya miƙo babban kwano ya ce in cika musu. Inna, sai na tsaya a gaban famfon na ce ya yi haƙuri, wannan na injin ne. Ya ce, "Iye, 'yar Rabi, yau ƙarfe ya fi kawunki ƙishi?" Abokansa suka yi dariya. Ban matsa ba. Na buɗe famfon, ruwan ya shiga injin yana ɗauraye fatar har duron ya ƙare, sannan na ruga maƙwabta na ɗebo musu ruwan sanyi. Abokan sun sha. Kawu ya ƙi.

Da wuta ta dawo, ruwa ya fito da ƙarfinsa. Malam Cindo ya dubi duron, ya dube ni, ya ce daga yau ni zan riƙa zuba maganin ma.

Kawu zai gaya miki na hana shi ruwa. Gaskiya ne, kuma in ya sake zuwa a irin lokacin haka zan yi. Ki ba shi haƙuri a madadina. Ki ce masa na sa an ƙara randa ta biyu, da sabuwar moɗa a kai, shi nake jira ya fara sha da ita.

Ki sa ni a addu'a.

'Yarki,
Zulai'atu