Tabon Baba Ya Koma Dama

Chicago, 9 ga Oktoba

Yaya Casilda,

Ina gaisuwa. Ya gwiwarki, ya yara, ya masarar bana? Ni lafiya lau. Yatsuna suna ƙagewa da sanyi in na riƙe wuƙar sassaƙa, amma suna aiki. Bana ma ba zan zo gida bikin Ranar Matattu ba, kin san in na fita daga ƙasar nan ba a barina in dawo.

Na ji Goggo Otilia ta hana a ɗora hoton marigayi Baba da na sassaƙa na buga a teburin da ake shirya wa matattu in za su zo gida ziyara. Wai tabonsa na kuncin hagu ya koma dama, "ba zai gane kansa ba, sai ya wuce gidan." Ki gaya mata abin da aka sassaƙa a katako a juye yake fita a takarda, kuma da gangan na bar shi haka. Baba bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba. A madubin aski kaɗai ya san fuskarsa, can kuwa a juye take.

Ki ɗora shi cikin furanni, ki zuba masa giyarsa ta mezcal. In Goggo tana son hoton da ita za ta gane, ta jira nata na teburin, zan yi mata kyauta.

Allah ya ƙara miki lafiya.

Ƙanwarki,
Herminia