Hutun Denmark da Bai Kwanta Mini Ba

Germantown, Maryland
28 ga Afrilu, 2014

Zuwa ga Yaya Saudatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata ke da Malam Umaru da yara kuna cikin ƙoshin lafiya. Allah ya ƙara miki sauƙin ƙafar nan. Mu ma lafiya lau, jikarki Afnan har ta fara rarrafe.

Yaya, mun dawo daga Kopenhagen, babban birnin Denmark, inda ɗanki Fatihu ya kai ni tare da matarsa Hairat, wai hutu. Gari dai ba laifi, gidaje masu launi iri-iri a bakin ruwa, itatuwa sun fara fure, kowa a kan keke har tsofaffi. Abincinsu ne sai a hankali, baƙin burodi mai tsami a ɗora masa kifi mai sanyi, don kunya kawai na ci. Amma tun ranar farko hankalina bai kwanta ba. Yaron da ko garin Takoma Park da ke nan kusa da mu za shi sai ya ɓata, shi ne ke ja mana gaba lungu-lungu bai tambayi kowa ba. Mai naman halal ma ya ba shi hannu kamar sun saba. Da na yi magana ya ce ai mutanen garin ne da fara'a. Ni dai ban ga wanda ya yi mini ba.

Kuma wane mai yawon buɗe ido ne ke tsayawa leƙen gidan renon yara, har da tambayar ƙarfe nawa ake tashi? Abin da ya ƙarasa ni, ranar da muka je shan shayi ne. Al'adarsu ce a bar jarirai cikin kekensu a ƙofar shago suna barci a sanyi, iyaye na ciki. Sai ga Hairat ta jera keken Afnan cikin nasu, ta gyara bargo, za ta shige. Wannan fa ita ce wadda a nan ko shara ba ta fita zubarwa sai da yarinyar a hannu. Na ce ba da ni ba, na kafe a waje riƙe da keken. Ta dawo tana dariya, ta ce gara yarinya ta fara sabawa. Na tambaye ta sabawa da me, tunda jibi za mu tafi. Ta kalli mijinta, shi kuma ya sunkuyar da kai.

Ina zargin aiki ya samu a can, suna neman yadda za su faɗa mini. Abin ya yi mini ciwo, Yaya, don saboda renon yarinyar nan na baro gida, kuma ban ji an ambaci inda za a ajiye ni ba. Don Allah ki kira shi, ke ba ya iya ɓoye miki magana. In ya tabbata, kada ki tsaya lallashina, ki sa a share mini ɗakina kawai.

Ki gaida Malam Umaru da Sabo da Rabi'atu da sauran dangi. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Hasiya