Mun Ƙaura da Sito Bakin Titi

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, tare da fatan kai da iyali kuna cikin ƙoshin lafiya. Allah ya yaye maka ciwon bayan nan da ke damunka, ya sa albarka a nemanka. Mu nan lafiya lau muke. Ƙafar Mama ta yi sauƙi, har ta koma yi mana faɗa safe da yamma.

Maganar sito ce ta sa na rubuto, tunda kai ma kana da haƙƙi a ciki. Ka san wanda Baba ya bar mana a tsakiyar kasuwa ya yi kaɗan, kuma babbar mota ba ta shiga lungun. Can nesa take tsayawa, 'yan dako su yi ta jigila da baro, katan na fashewa a hanya. To, kamfanin da ke ba mu sabulu da man girki ya aiko cewa in ba mu sami inda tirela za ta juya ba, wani za su ba dillancin. Ka ga kuwa da shi gidan nan ke ci.

Wuri biyu muka samu. Kawu ya nace a kan wani ƙaton gini a bayan gari, gefen rafi, don hayarsa da araha. Ni kuma hankalina ya fi kwanciya da na bakin babban titi. Ya fi tsada, amma a kan tudu yake, akwai wuta, akwai mai gadi, kuma masu shagunan da ke sari a wurinmu ba za su sha wahalar zuwa ba. Muka yi ta ja, har na ce mu bari a yi ruwa mu je mu ga duka biyun. Da aka yi ruwan muka tafi. Yaya, tun kafin mu kai ƙofar na Kawu motarsa ta kafe. Ya fito zai duba taya, taɓo ya riƙe masa takalmi ɗaya. Da kansa ya yi dariya, ya ce wannan wuri sai dai kiwon agwagi. Washegari muka kama na titin. 'Yan dakonmu ma ba wanda muka sallama, mota ɗaya ce ke kai su har bakin ƙofa.

Mama ce ta tsaya mini a rai. Ta daina yi mini magana sosai, ta ce gumin Baba na jikin bangon tsohon siton. Na yi mata alkawarin ba za a sayar ba, shagon masu sayen ɗai-ɗai zai zama. Ranar da tirela ta fara sauke kaya na lallaɓa ta muka je. Ta taka da sandarta har ƙarshen ɗakin, ta ɗaga kai ta dubi rufi. Can sai ta tambaya wane marar hankali ne ya jera sabulu kusa da buhunan sukari. Ta sa aka raba su nan take, sannan ta ce gobe a kawo mata kujerarta nan bakin ƙofa, tunda ta ga ba za mu iya mu kaɗai ba.

Ka gaida Anti da 'yan biyu. Mama da Kawu da Auta duk suna gaishe ku. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka da ke kewarka,
'Yar Baba